GARIN DA BA YA KAN TASWIRA BA YA CIKIN RABO



Akwai maganar da muke son ajiyewa a gaban dattawanmu da matasanmu da masu riƙe da muƙamai a cikinmu, wato maganar taswira. Wani zai ji kamar zancen 'yan boko ne da bai shafi mai noman doya ko mai sayar da gawayi a bakin titi ba. To ya shafe su, har ma ya fi shafar su a kan kowa. A yau akwai tarin bayanan taswira da aka zuba a intanet kyauta, kowa na iya saukewa ya yi aiki da su, kuma da su ne ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suke ƙara dogaro wajen tsara inda za a kai rigakafi, inda za a raba gidan sauro, da inda ya kamata a gina aji ko ɗakin shan magani. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu buɗe waɗannan bayanai mu ga abin da aka rubuta a kanmu, mu gyara wanda ya karkace, mu cike wanda aka tsallake, mu kuma san abin da bai kamata a saka ba.

Da can, in za a kawo wa gari aiki, sai jami'i ya zo da kansa, ya sauka wajen hakimi ko dagaci, a zaga da shi. Yanzu yawancin lissafin yana ƙarewa ne a ofis, a Minna ko a Abuja. Ma'aikaci zai buɗe kwamfuta, ya ga ɗigo-ɗigo a kan allo: wannan ɗigon makaranta ce, wancan asibiti ne, wancan kuma ƙauye ne mai mutum kaza. Ƙauyen da ba shi da ɗigo, ko wanda aka ɗora ɗigonsa a wata mazaɓa, ko aka rubuta sunansa yadda mutanensa ma ba za su gane ba, ya fita daga lissafi ba tare da wani ya yi niyyar zaluntarsa ba. Ma'aikacin bai san da shi ba ne kawai, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Mu mutanen ƙasar Suleja bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani kan ƙarfin layin da aka ja a takarda ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda domin neman wurin sabon babban birni. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka fitar da dokar da ta yanke yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, mafi yawansa daga ƙasar tsohuwar Abuja. Har sunan garin da Sarki Abu Ja ya kafa aka ɗauka, tsohuwar Abuja ta koma Suleja. Ƙauyuka da yawa sun wayi gari a cikin wata sabuwar hukuma, kuma har gobe jikokinsu suna fama da maganar diyya da sake matsuguni. Wannan duk ya faro ne daga taswirar da aka shimfiɗa a kan tebur, alhali mazauna wurin ba sa kusa da teburin.

Kuma sanin ƙasa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Lokacin da Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 yana neman inda kogin Kwara ya nufa, wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samu taswirar ƙasashen nan, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Fatake da maharba da makiyaya da masunta sun san kowace hanya da mashigi da tudun tsira tun kafin safiyo na farko ya kafa sandarsa. Abin da ya daɗe yana faruwa shi ne sanin yana kanmu, rubutun yana hannun wani. Bayanan kyauta na wannan zamani sun ba mu damar da kakanninmu ba su samu ba, ta mu riƙe alƙalamin da kanmu.

Bari mu faɗi abin da ke akwai, domin gani ya kori ji. Na farko shi ne rumbun GRID3, wanda ya tattara bayanan garuruwa da ƙauyuka, asibitoci, makarantu, kasuwanni, iyakokin mazaɓu da ƙiyasin yawan jama'a na jihohi 36 da Abuja. Asalinsa yana da alaƙa da yaƙi da cutar shan-inna. Kafin wajajen 2012, ma'aikatan rigakafi a Arewa da taswirar da aka zana da hannu suke fita, kuma akwai rugage da ƙauyukan da ke tsakanin mazaɓu biyu, wannan tawaga na ɗauka na waccan ne, waccan na ɗauka na wannan ne, yara su girma ba a taɓa ɗiga musu magani ba. Da aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da maƙwabtanta, tare da wayoyin da ke nuna inda kowace tawaga ta taka, sai waɗannan matsugunai suka bayyana. Cibiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Kamuwa ta ƙarshe da asalin ƙwayar cutar a Najeriya an same ta ne a Borno a 2016, kuma a watan Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba taswira kaɗai ta kawo wannan nasara ba, amma ita ta nuna wa ma'aikata ƙofofin da ba su taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Na biyu shi ne OpenStreetMap, taswirar duniya da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai suke zanawa. Bambancinta da Google Maps yana da muhimmanci. Taswirar Google kana iya kallonta kyauta, kana iya ba da shawarar gyara, amma bayanan na kamfanin ne, ba ka da ikon kwashe su gaba ɗaya ka yi naka tsarin. Ita kuwa OpenStreetMap, duk mai waya ko kwamfuta yana iya yin rajista ya zana hanyar unguwarsu, ya sa sunan kasuwa, ya nuna inda kwalbati take, kuma kowa na iya sauke bayanan ya buga ko ya yi nazari, muddin ya ambaci inda ya samo. Da ita aka yi aikin ceto bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, da ita aka zana garuruwan Gini da Saliyo da Laberiya lokacin annobar Ebola a 2014. Ƙungiyar Red Cross da ta Likitocin Na-gari Na-kowa suna amfani da ita, kamfanoni da dama ma daga cikinta suke ɗiba.

Na uku su ne hotunan sama da abin da aka tace daga cikinsu. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbunsu kyauta. Duk ɗalibin da ya iya aiki da su zai iya nuna mana yadda Suleja da Madalla da Dikko suka faɗaɗa shekara bayan shekara, da yadda daji ya ja baya. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana maimaita hoton wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar, kuma yana iya bambance fili mai faɗin mita 10. Akwai bayanin tudu da kwari na kusan duniya baki ɗaya da wani kumbon Amurka ya auna a watan Fabrairu 2000, wanda aka saki mafi ingancinsa na Afirka a 2014. A 2021 kamfanin Google ya fitar da zanen rufin gine-gine sama da miliyan 500 na nahiyar Afirka, waɗanda na'ura ta gano daga hotuna. Ma'ana, akwai yiwuwar rufin gidanka yana cikin wani rumbu a yanzu haka, ko da ba a san sunanka ba. Duk waɗannan ana buɗe su da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce.

To in duk wannan yana nan, mene ne namu a ciki? Namu shi ne abin da na'ura ba ta iya gani daga sama. Tauraro yana ganin rufin kwano, amma bai san ko aji ne ko shagon hatsi ba. Yana ganin ginin asibiti, bai san ko akwai ungozoma a ciki ba, ko jemagu ne suka tare. Yana ganin hanya a watan Janairu ya rubuta ta hanya, bai san cewa daga Yuli zuwa Satumba ko babur sai an ɗauke shi a ka ba. Yana iya tsallake ɗakin jinka da ke ƙarƙashin mangwaro, yana iya ɗaukar tulin dutse a matsayin gida. Rijiyar burtsatsen da ta lalace shekara biyar da suka wuce tana iya zama a cikin rumbu a matsayin mai aiki, kuma saboda ita a hana unguwa sabuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko sunan garinmu ma misali ne. Wani ya ce Izom ta Suleja, wani ya ce Izom ta Gurara, kuma dukkansu suna da gaskiya: a sarauta muna ƙarƙashin masarautar Suleja, a mulki muna cikin ƙaramar hukumar Gurara mai hedikwata a Gawu Babangida. Ɗan gari ba ya ruɗewa da wannan, amma baƙon da ke shigar da bayanai daga nesa yana iya ruɗewa. Gurara tana da mazaɓu 10: Bonu, Dikko, Gawu, Izom, Kabo, Kwaka, Lambata, Lefu, Shako da Tufa. A kowace akwai ƙauyukan da Gbagyi ke kira da suna ɗaya, Hausawa da wani, Fulani da wani daban. In jami'in lafiya ya rubuta ɗaya, malamin zaɓe ya rubuta ɗayan, sai ƙauye ɗaya ya zama biyu a takarda, ko kuma a share shi a kan zaton maimaici ne. OpenStreetMap tana ba da damar a rubuta sunan wuri a harsuna da yawa lokaci ɗaya. Wannan aiki ne da babu mai iya yi mana shi daga Landan ko Legas.

Sai maganar yawan jama'a. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. A waccan ƙidaya an ba ƙaramar hukumar Gurara mutum ɗan sama da 90,000. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu iyaye ne, ga kuma waɗanda rusau da tsadar haya suka koro daga Abuja, da waɗanda rashin tsaro ya taso daga wasu sassan jihar. Tunda babu sabuwar ƙidaya, masu tsara ayyuka sun koma ga ƙiyasi. Masana irin na cibiyar WorldPop da ke Jami'ar Southampton sukan ƙirga gine-ginen da tauraro ya gani, su haɗa da ƙaramin binciken gida-gida da aka yi a wasu zaɓaɓɓun wurare, su fitar da adadin mutanen da ake zaton suna cikin kowane fili mai faɗin mita 100. Dabara ce mai kyau, amma ingancinta ya dogara da ingancin abin da aka zuba mata. Inda ba a ga gidaje ba, ba za a ƙiyasta mutane ba, inda ba a ƙiyasta mutane ba kuwa allurar rigakafi da littattafan makaranta za su zo a ƙasa da buƙata.

Abu na gaba ya shafi rai kai tsaye. Muna zaune a bakin kogin Gurara, kuma a samanmu, cikin Jihar Kaduna, akwai madatsar da ke ba Abuja ruwa. A damunar 2017 ambaliya ta ci rayuka a Suleja. A ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, ya hallaka mutum fiye da 150, wasu da dama har yau ba a gan su ba. Allah Ya jiƙansu. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma hasashenta yakan tsaya ne a kan jihohi da ƙananan hukumomi da garuruwa. Tambayar da mai gida yake buƙatar amsarta ita ce: wace unguwa ce ruwan zai fara ci, kuma ta wace hanya za mu fitar da yara da tsofaffi? Bayanin tudu da kwari na kyauta yana nuna inda ruwa ke gangarawa a dunƙule. In aka haɗa shi da sanin dattawan da suka shaida inda kogi ya kai a manyan shekarun ambaliya irin 2012, aka kuma sa alamar kowace kwalbati da magudanar da ta toshe, za mu samu takardar da za mu iya nuna wa mai shirin sayen fili a fadama kafin ya zuba kuɗinsa.

Haka nan maganar titi. Hanyar Suleja zuwa Minna ta ratsa garinmu, tankokin mai da tireloli suna wucewa dare da rana, wasu su karya ta Lambata zuwa Lapai da Bida. A ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, a cikin ƙaramar hukumarmu, mutum fiye da 80 suka rasu. A irin wannan rana, mai ɗauke da wanda ya ƙone yana buƙatar sanin wane asibiti ne mafi kusa da ke da likita a bakin aiki, wanne ne ke da gado, wace ɓarauniyar hanya ce za ta fitar da mota in babban titi ya cushe. Wannan bayani bai kamata ya zauna a kan mutum biyu ko uku ba. Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Warri zuwa Kaduna yana da tashar turawa a nan Izom, kuma masu shi suna da taswirar inda ya bi. Bai dace a ce bututu yana da cikakkiyar takarda, mutanen da ke zaune a gefensa ba su da jerin asibitocinsu da rijiyoyinsu ba.

Mun san akwai masu ɗar-ɗar da wannan kira, kuma ba za mu raina hujjarsu ba. Babbar damuwa ita ce tsaro. A jihar da aka kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu 2021, aka sake kwashe na Islamiyya a Tegina a watan Mayu na shekarar, dole mutum ya yi tambaya: in muka zana hanyoyinmu muka baza a intanet, ba mun haska wa ɓarawo fitila ba? Amsarmu kashi biyu ce. Na ɗaya, ɗan bindigar daji bai taɓa jiran taswira ba. Ya san dajin fiye da sojan da aka turo daga nesa, abin da bai sani ba kuma yana samu daga bakin masu kai masa rahoto, domin da ɗan gari akan ci gari. Wanda rashin taswira yake cutarwa shi ne jami'in tsaro baƙo da direban motar asibiti. Na biyu, ba komai ake sakawa ba. Titi da gada da kasuwa da makaranta kowa na ganinsu, har tauraro ya riga ya ɗauke su. Amma sunan mai gida, da wurin kwanan ɗalibai, da inda 'yan banga suke tsayawa, da wurin da ake killace shanu da dare, da rumbun hatsin wani, waɗannan ba na intanet ba ne. Ko dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a baza bayanin mutum ba da izininsa ba. Ya kamata mu kasa bayananmu gida biyu, na fili da na cikin gida, kuma dattawa da masu kula da tsaro su ne za su yanke wanne ya shiga ina.

Damuwa ta biyu ita ce ta fili da haraji. Wasu na tsoron da zarar an zana gida, mai karɓar haraji zai biyo baya, da zarar an nuna fili babu gini, dillali zai kawo mai kuɗi daga Abuja. Gaskiyar ita ce gwamnati da dillalai sun riga mu ganin hotunan. Jihar Neja tana da hukumar NIGIS mai kula da bayanan filaye, kamar yadda Abuja take da AGIS, Kaduna take da KADGIS. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka ɓoye kai ba zai hana a ga filinmu ba. Abin da zai taimaka shi ne a ga filin da sunansa da amfaninsa: wannan maƙabarta ce, wannan filin idi ne, wannan harabar makaranta ce, wannan filin ƙwallon matasa ne, wannan burtali ne, wannan mashaya ce. Wurin da taswira ta nuna fayau shi ya fi saurin shiga aljihun wani. Sai dai a kiyaye: taswirar 'yan sa-kai ba takardar mallaka ba ce, ba ta maye gurbin safiyo mai lasisi, kuma kotu ba za ta raba gardamar gona da ita ba. Ko iyakokin mazaɓu da ke rumbun GRID3 an yi su ne domin sauƙaƙa aiki, ba hukuncin iyaka ba ne. Duk wurin da ake jayayya a kansa, a bar shi ga masu unguwanni da dagatai da hukuma. Wanda ya shigo da rikicin gonarsu cikin wannan aiki zai kashe shi tun yana jariri.

Damuwa ta uku ita ce wadda muka fi ji: wannan aikin gwamnati ne, mu da muke fama da tsadar taki da kuɗin makaranta ina ruwanmu da zane? Hakika aikin gwamnati ne. Akwai ofishin Babban Safiyo na Tarayya, akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA da ta harba tauraron NigeriaSat-1 tun 2003, akwai hukumar ƙidaya. Amma Jihar Neja ita ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 76,000, da ƙananan hukumomi 25. In muka ce sai an zo an zana mana kowane lungu, za mu daɗe muna jira. Kuma taki da kuɗin makarantar da muke kuka a kansu, rabonsu ma da lissafin wuri da yawan mutane ake yi. Wasu al'ummomin da suka fi mu cunkoso da talauci sun gwada. A unguwar Kibera da ke Nairobi, matasa sun zana unguwarsu a 2009 bayan shekaru tana fitowa kusan babu komai a taswirori, suka nuna famfuna da makewayi da makarantu. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015 ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka bi magudanun ruwa ɗaya bayan ɗaya suna sa musu alama domin shirin ambaliya. Da waya da takarda da ƙafa suka yi.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, a fara da dubawa. Kowane mai wayar zamani ya buɗe OpenStreetMap da Google Maps ya nemi unguwarsu ko ƙauyensu. Yana nan? Sunan daidai ne? Makarantar da asibitin suna inda ya kamata? A rubuta abin da aka gani, a tattara wuri ɗaya. Waɗanda suka iya kwamfuta su sauke bayanan GRID3 na mazaɓunmu 10, a buga jerin ƙauyuka da makarantu da asibitoci a takarda, a kai wa masu unguwanni su duba da idonsu.

Na biyu, a nemi izini kafin a fita. Matashin da aka gani yana yawo da waya yana ɗaukar hoton gine-gine a wannan zamani, ba tare da sanin mai unguwa da jami'an tsaro ba, ya jawo wa kansa fitina. A fara da fadar hakimi, a sanar da ƙaramar hukuma da 'yan sanda, a yi wa jama'a bayani a masallatai da coci-coci da ranar kasuwa, kowane mai aikin kuma ya riƙe takardar shaida.

Na uku, a haɗa tsoho da yaro. Kowace tawaga ta ƙunshi matashin da ya iya waya da dattijon da ya san ƙasa. A sa Gbagyi da Hausawa da Fulani da sauran mazauna, domin kowa akwai hanyar da shi kaɗai ya sani. A sa mata, domin su suka san wace rijiya ce ke ƙafewa a watan Maris, wane rafi ne yara ke tsallakawa zuwa makaranta, da wane ɗakin haihuwa ne ake samun ma'aikaciya da dare.

Na huɗu, a nemi masu ilimin abin. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana koyar da aikin safiyo da tsara birane, ga Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, ga Kwalejin Kimiyya a nan cikin Izom. 'Ya'yanmu da ke karatu a can suna neman abin da za su rubuta a kundin kammala digiri. Mazaɓarsu ta haihuwa ta ishe su aiki, kuma kwana biyu na horo sun isa a koya wa matasa amfani da manhajojin tattara bayanai irin KoboToolbox, waɗanda ke aiki ko babu sabis, a tura daga baya.

Na biyar, a fara da kaɗan. Ruwan sha, asibitoci, makarantu, gadoji da kwalbatoci, sai wuraren da ambaliya ta taɓa ci. A gama mazaɓa ɗaya da kyau kafin a tsallaka wata. Kowane bayani a sa masa kwanan wata, a kuma sake bi duk bayan damuna, domin taswirar da ba a sabunta ta tana yaudara fiye da wadda babu. A buga babba a liƙa a fadar hakimi da makarantu, yadda wanda ba shi da waya ma zai gani ya ce a gyara nan.

Daga ɓangaren hukuma kuwa, roƙonmu ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Gurara shi ne su buɗe bayanan da suka shafi kowa: tsarin sababbin unguwanni, tazarar da doka ta ce a bari daga babban titi da bakin kogi da layin bututu da manyan wayoyin lantarki, da wuraren da aka keɓe wa makarantu da kasuwanni da kiwo. Talakan da ya san inda aka hana gini tun farko ba zai tara guminsa a inda za a zo a shafa masa jan fenti ba. Kansilolinmu da ɗan majalisarmu kuma, in lokacin kasafin kuɗi ya zo, muna son mu zauna da su da takarda a gaba: ga ƙauyukan da suka fi nisa da asibiti, ga rijiyoyin da suka mutu, ga kwalbatin da ke yanke mutane duk damuna. Koken da ke ɗauke da wuri da adadi da kwanan wata ya fi wuyar turewa gefe.

Abuja tana matsowa, filaye suna tsada, damuna tana zuwa da ƙarfin da ba mu saba ba, ƙidaya kuma ko ba daɗe ko ba jima za a yi ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai zo ne da taswira a hannu. Tsakanin yanzu da lokacin muna da damar tabbatar da cewa abin da ke cikinta gaskiya ne, kuma da sunayen da mu muka raɗa wa wurarenmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna kira ga duk wanda ya karanta safiyo, ko ilimin ƙasa, ko kwamfuta, da duk dattijon da ya san tsofaffin hanyoyi da mashigai, ya kawo kansa a zama na gaba. Kafin nan, kowa ya duba unguwarsu a wayarsa, ya zo mana da abin da ya gani.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damuna mai albarka.